Kiwon ruwa kafin kiwon kifi: yadda nake rainon tankin killacewa

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Yau na ɗauko tankin daga wurin mai yankan gilas. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, zurfi 36, kaurin gilas milimita 6. Idan aka cika shi taf zai ci kusan lita 65, amma ba zan wuce 55 ba. A keke Napep muka kawo shi unguwarmu Mabera a Sakkwato, ina rungume da shi kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai gabana ya faɗi.

Bari in rubuta dalilin wannan wahala don kada in manta. A watan Oktoba na sayi sababbin kifayen ado guda shida, na juye su kai tsaye cikin babban tankin falo. Kwana biyar da zuwansu na fara ganin fararen ɗigo a jikinsu da wutsiyoyinsu kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a duwatsu. Kafin mako biyu 14 cikin 22 sun mutu, har da wata uwa da ta shekara biyu a hannuna. Ba na ganin laifin kowa sai nawa. Daga yau duk baƙon kifi zai yi mako huɗu shi kaɗai a wannan tanki kafin ya ga falo. In babu baƙo kuma, nan gafi za su riƙa haihuwa, wato 'yan ƙananan kifayen nan masu wutsiya kala-kala da ke haifo 'ya'ya da rai maimakon ƙwai.

Silikon da aka liƙe gilashin da shi ni na saya da kaina, don irin na banɗaki ana zuba masa maganin hana fumfuna, shi kuwa guba ne ga kifi. Har yanzu yana warin tsami, don haka zan bar shi ya sha iska.

Gilas da aiki N27,000, silikon N4,500, keke N1,200.

Talata, 10 ga Disamba

Na cika shi a tsakar gida, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi. Kafin Magariba jaridar ta jiƙe ta kusurwar hagu. Na kwashe ruwan, na kankare silikon ɗin wurin da reza, na goge, na sake shafawa. Wasu kwana uku ke nan. Gara da ya nuna halinsa a tsakar gida, ba a kan kafet ɗin uwargida ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Bai yoyo ba. Kayan gwajin ruwa sun iso daga Legas, samfurin API mai kwalabe, N46,000 har da kuɗin mota. Ya fi tankin kansa tsada, kuma ban faɗa wa kowa a gida farashinsa ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Na ɗora tankin a kan tebur a ɗakin zaure, nesa da taga, na sa farin soson kwalin firji a ƙarƙashinsa. Ba yashi, ba tsakuwa. Ƙasan tankin killacewa gara ya zama fayau, don in ga kashin kifi da ragowar abinci in zuƙe su, kuma in an sa magani babu abin da zai shanye shi. Na jefa guntayen bututun roba uku da fasasshiyar tukunyar ƙasa don ɓuya. Matatar ruwan ita ce irin ta soso wadda famfon iska ke turawa.

Ruwa kuwa na burtsatse ne, jarka uku daga hannun ɗan ga-ruwa. Na guji na famfo saboda kulorin, wanda aikinsa ke nan kashe ƙwayoyin halitta, ni kuma ƙwayoyin nake son in kiwata. Na auna pH, wato ma'aunin da ke sauka in ruwa ya yi tsami ya hau in ya yi kanwa-kanwa, ya ba ni 7.8. Ban yi mamaki ba, ko butar shayinmu farin dasashi take yi a gindi, ga shi kuma muna zaune a yankin da ake haƙar farar ƙasa ana siminti a Kalambaina. Gafi suna son irin wannan ruwa mai nauyi. Sai dai akwai wani gefe: amoniya ta fi cizo idan pH ya yi sama. A ruwa mai zafin digiri 25, in pH yana 7 wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na amoniyar ke zama mai guba, amma a 8 ya haura kashi biyar. Ninki goma ke nan. Ma'ana kuskuren da wani zai yi ya sha, ni in na yi shi sai gawa.

Ga abin da nake jira ya faru. Kifi yana fitar da amoniya ta matsefinsa, wato inda yake numfashi, da kashinsa. Wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna ci su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska har jinin ya koma ƙasa-ƙasa. Sai wata ƙungiyar, Nitrospira, ta mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda kifi ke jurewa, a riƙa rage ta da canjin ruwa. Sunayen biyu na ƙarshe kamar Hassan da Husaini suke, don haka a littafin nan zan riƙa kiran su da launin da suke bayarwa a kwalbar gwaji: naitirait ita ce "shunayya", naitiret ita ce "ja".

Tunda ba ni da amoniya tsantsa da zan ciyar da ƙwayoyin da ita, na ƙulla ƙwayar abincin tarwaɗa rabin cokalin shayi a tsohuwar safa mai tsabta, na rataya a ciki ya ruɓe. Na yi tunanin matso soson babban tanki don in samu irin ƙwayoyin, amma na fasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Famfon iska N9,500, matatar soso N3,000, ma'aunin zafi N1,500, ruwa N600.

Talata, 17 ga Disamba

Amoniya 0.5 a katin launin gwaji, shunayya babu. Da Asuba ruwan digiri 20 ne. Hunturu ya sauko sosai.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ruwan ya yi fari kamar an ɗauraye ƙwaryar nono, ga ɗan wari. Inna ta leƙo zaure ta ce in jefa alam ya kwanta, kamar yadda suke yi wa ruwan gulbi. Na ce mata to, amma ban sa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan hazon wasu ƙwayoyi ne daban masu cin ruɓaɓɓen abinci, suna hayayyafa cikin mintuna, kuma za su lafa da kansu. Waɗanda nake nema su ne masu nawa, ɗaya takan kwashe fiye da rabin yini kafin ta zama biyu, in kuma ruwa ya yi sanyi abin ya ƙara ja. Sun fi sakewa tsakanin digiri 25 zuwa 30.

Don haka na sayo hita mai wat 50, N8,000, na saita ta a 28, na naɗe gefe uku na tankin da tsohon bargo. Abin dariya, mutumin Sakkwato na sayen abin ɗumama ruwa. Nan da wata uku ƙanƙara zan riƙa nema.

Amoniya 2.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kawu ya shigo gari daga Kwalkwalawa. Ya fi shekara arba'in yana su a gulbin Rima, kuma bai taɓa ganin mutum ya saka wa ruwan da babu kifi bargo ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kumfar iska, sannan ya ce, "Ɗana, mi kaka kiwo cikin wanga kwalba?"

Na ce, "Kawu, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, su za su riƙa wanke ruwan."

Ya yi dariya har da tari. "Gulbi wa ka awon ruwa nai? Kuma kihi na haihuwa ciki tun kakanninmu."

Na ce gaskiyarsa, amma gulbi yana tafiya, kuma kowane dutse da laka da saiwar ciyawa da ke cikinsa cike suke da waɗannan ƙwayoyi, ni kuwa gilas ne da soso ɗaya. Sai ya ce to mai sauƙi, zai aiko mini da dutsen gulbi mai santsi. Maganarsa tana kan hanya, don santsin nan da ke jikin dutse shi ne abin da nake nema. Amma tare da shi matsattsaku da ƙwan kwari da cutar kifin gulbi za su biyo, ni kuma asibiti nake ginawa. Na yi masa godiya, na ce sai in na tashi yin tankin karfasa. Ya bar mana busasshen kifi a leda, ya ce wanga dai ba ya buƙatar bargo.

Amoniya tana tsakanin 2 da 4, shunayya ta fara ɗan sauya daga ruwan sararin samaniya, launin da ke nuna babu. Na ji daɗi ƙwarai.

Talata, 24 ga Disamba

Ranar baƙin ciki.

Ƙurar hunturu ta dame ni, kullum sai na tarar da ita shimfiɗe a saman ruwan. Jiya da zan fita na ce wa yara a samo abin da za a rufe tankin da shi, ban faɗi ko mene ne ba. Ɗiyata ta fari, don ta faranta mini, ta yanko gefen sabon gidan sauro, irin mai magani da ake rabawa, ta lulluɓe shi da kyau har da ɗaure kusurwa. Na dawo da dare a gajiye ban shiga zaure ba. Da safe na tarar tsakiyar ragar ta lotsa, ta kwana tsundum cikin ruwa.

Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu, malamin kimiyya ne a sakandare. Na ce, "Malam, don Allah zo ka gani." Yana gani ya riƙe baki. Ya ce maganin da ake jiƙa irin wannan raga da shi, dangin su famitirin da deltamitirin, mutum ba ya jin komai in ya kwana a ciki, amma ga kifi ɗan mitsitsi ya isa. Kuma ba ya son zama cikin ruwa, jikin roba da soso da datti yake maƙalewa. Wato canjin ruwa kaɗai ba zai ba ni kwanciyar hankali ba.

Na zauna na yi shiru. Soson nan ya yi kwana goma, jiya-jiya ya fara nuna alamar rai. Amma in na bar shi, duk kifin da ya mutu nan gaba ba zan san ko cuta ce ko magani ba, tankin killacewar da ba a yarda da shi ba kuwa ba shi da amfani. Na jefar da soso, da robar iska, da bututun ɓuya, da safa, har da tukunyar. Na kwashe ruwan, na ɗauraye gilas sau huɗu da ruwan ɗumi ba sabulu, na shanya a rana.

Yarinyar ta yi ta kuka a bayan ƙofa. Na kira ta na ce ba ita ba ce, ni ne ban yi bayani ba, kuma ita ta fi kowa kula da tankin a gidan nan. Na naɗa ta mai riƙe agogo idan ana gwaji. Daga nan kuma na kafa doka: ba fesa maganin sauro, ba kunna na hayaƙi, ba fiya-fiya a zaure ko falo. Uwargida ta ce wato kifi sun fi mu daraja. Na ce a'a, sun dai fi mu raki.

Malam ne ya warware mini tsoron da nake yi na ɗebo iri daga babban tanki. Ya ce halittar da ke kawo farin ɗigo ba ta rayuwa sai a jikin kifi. Takan faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan su fito neman jiki, in ba su samu ba cikin kwana biyu ko makamancin haka su mutu. Tankin da ya yi mako uku a digiri 28 babu kifi ko ɗaya, yunwa ta gama da su. Ga shi kuma rabon da in ga ɗigo a falo tun farkon Nuwamba. Da na tambaye shi tun ranar 14 ga wata, da yanzu na yi nisa.

Juma'a, 27 ga Disamba

An koma farko. Sabon soso da roba N3,800, gawayin matata irin na musamman N2,500 don ya tsotse duk abin da ya rage, murfin gilas gida biyu N3,500, ruwa N600. Na ciro soson babban tanki na matse shi a cikin sabon ruwan har ya yi baƙi kamar ruwan kwata. Ban taɓa farin ciki da datti irin na yau ba. Kafin dare sabon soson ya zuƙe shi duka.

Malam ya samo mini garin amoniyam kulorayid a shagon masu kayan ɗakin gwaji, N2,000. Mun je wurin wani mai sayar da gwal ya auna mana giram 3.5 a sikelinsa, yana ta kallonmu. Na narka shi a ruwa mililita 100. Mililita 10 da sirinji yana kai lita 55 zuwa amoniya 2 ko kusa. An huta da safa da wari.

Asabar, 28 ga Disamba

Na samo tsutsar sauro guda goma a wata tsohuwar taya a bayan gida, na sa su a kofi da ruwan tankin. Sun kwana suna wutsil-wutsil. Ba hujja ce mai ƙarfi ba, don sauron yanzu ya saba da magani, amma hankalina ya ɗan kwanta.

Talata, 31 ga Disamba

Amoniya 1, shunayya 0.5. Kwana huɗu kacal. Iri ya yi rana.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Amoniya babu, shunayya 2. Na ƙara mililita 10.

Lahadi, 5 ga Janairu, zuwa Talata, 7

An ɗauke wuta tun Asabar da dare, ba ta dawo ba sai yau Talata bayan La'asar. Ba ni da inbata, janareta kuma da fetur ya haura dubu ba abin da za a kwana ana kunnawa don soso ba ne.

Matsala biyu ce. Ƙwayoyin nan sai da iska suke aiki, in famfo ya tsaya ruwan cikin soso ya tsaya, sai su fara shaƙewa. Na biyu sanyi: ranar Lahadi da Asuba ma'auni ya nuna 21, Litinin 19.

Daren farko da kofi na yi ta fama, in ɗebo in kwararo daga sama, in ɗan matsa soson a hankali don sabon ruwa ya ratsa shi. Na tashi sau uku. Ranar Lahadi ƙanena ya zo ya same ni a haka, ya ce, "Yaya, ai akwai ɗan famfon da ake soka wa fawa-bank." Ya hau babur ya zagaya kasuwa, ya samo shi N6,500. Ƙaramin abu kamar kwalbar turare, amma ya tura soson. Fawa-bank ɗina yana riƙe shi dare guda, da rana a kai caji wurin mai sola a bakin titi, N200.

Zafi kuwa, uwargida ce ta kawo dabara. Ta cika gorar ruwa biyu da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, ta ɗaure bakin, muka sa suna yawo a saman tankin, muka ƙara bargo. Yakan ɗaga digiri biyu. Ita da ta ce kifi sun fi su daraja, ita ke tashi hura gawayi.

Ban ƙara amoniya ba duk kwanakin nan. Ban ga dalilin ɗora wa mai numfashi sama-sama kaya ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Sun rayu. Na sa amoniya jiya, yau saura 0.25. Amma shunayya ta wuce iyakar katin launi, tun ɗigon bai kai gindin kwalba ba ta turnuƙe. Na haɗa rabin ruwan tanki da rabin ruwan jarka na sake aunawa, duk da haka tana ƙarshe. Lissafin ya fito: amoniya 1 tana haifar da shunayya kusan 2.7, ni kuwa na zuba sau uku, ƙungiya ta biyu kuma ba ta kama ƙasa ba tukuna. Ƙungiyar farko na ci tana zubarwa, mai kwashewa bai iso ba.

Na canza rabin ruwan. Da can ina tsoron canjin ruwa zai tafi da ƙwayoyin, ashe a jikin soso da gilas suke manne, ba yawo suke a ruwa ba. Na rage abincinsu zuwa mililita 5, bayan kwana bibbiyu. Na cire gawayin matata.

Lahadi, 12 ga Janairu

Shunayya 5, ba motsi. Waɗannan kwanaki su suka fi gundura. Na fara duba hotunan gafi a waya, hannuna na ƙaiƙayi.

Laraba, 15 ga Janairu

Shunayya ta sauko 1, amma ja ta nuna babu. Abin ya ɗaure mini kai, don in shunayya na raguwa dole wani wuri take zuwa. Mai riƙe agogo ce ta ce, "Baba, ba ka girgiza kwalba ta biyu ba yadda takarda ta ce." Gaskiyarta. Kwalbar ja ta biyu tana da gari da ke kwanciya a gindi, sai an girgiza ta daƙiƙa 30 da ƙarfi, a ɗiga goma, a girgiza kwalbar gwajin minti ɗaya, a jira minti biyar. Ni kuwa ina yi mata kaɗawar shayi. Da muka bi ƙa'ida sai ga ruwan goro, wajen 40. Zan ɗauki lambar da taka-tsantsan, don muddin akwai shunayya a ruwa tana ƙara wa gwajin ja kauri.

Asabar, 18 ga Janairu

Shunayya babu. Ruwan sararin samaniya tas. Na zuba cikakken mililita 10 da ƙarfe 7 na safe.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ƙarfe 7: amoniya babu, shunayya 0.25. Saura ƙiris. Na maimaita.

Talata, 21 ga Janairu

Sau biyu a jere amoniya 2 tana ɓacewa cikin awa 24, shunayya ma babu. Kwana 25 daga sake farawa, kwana 38 daga ranar da na fara zuba ruwa. pH ya ɗan sauko 7.6, wanda ba abin damuwa ba ne, aikin ƙwayoyin ne ke cin nauyin ruwa.

Na kira mai kifi a Legas, na ce gafi goma, mata bakwai maza uku. Maza ba sa barin mata su huta, shi ya sa ake rinjayar da mata. N15,000, kuɗin mota N5,000. Na sayi 'yar koma da bokiti da tiyo na wannan tanki kaɗai, na shafa musu jan fenti a hannu don kada su gauraya da na falo, N4,200. In koma ɗaya na shiga tanki biyu, killacewa ta zama wasan yara.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau ta kai kusan N145,000. Kusan N13,000 daga ciki kuɗin rashin bayani ne da rashin wuta.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na canza kashi 70 na ruwan don ja ta sauko. Yanzu tana wajen 10. Hita a 26.

Asabar, 25 ga Janairu

Sun iso. Motar ta taso jiya da rana, na karɓe su a tasha yau wajen ƙarfe 11, cikin kwali da leda biyu ɗaure da roba. Ledar sanyi ƙalau, kifin sun kwanta a gindi launinsu ya koɗe. Namiji ɗaya ya riga ya mutu.

Na kashe fitila, na ɗora ledojin a saman ruwa ba tare da na kwance ba, minti 25, don zafi ya daidaita. Daga nan ban ɓata lokaci ba. Kifin da ya kwana a rufaffiyar leda ya cika ta da amoniya, amma iskar da yake fitarwa ta saukar da pH, shi ya sa gubar take kwance. Ana kwance baki iskar ta fita, pH ya tashi, guba ta farka. In kuma na riƙa ɗiga musu ruwana mai 7.6 a hankali kamar yadda wasu ke yi, na ƙara hura wutar ke nan. Don haka na juye leda a kan koma bisa bokiti, na saka kifin kaɗai a tanki, ruwan Legas ya tafi kwata. Don son sani na auna amoniyarsa kafin in zubar: kore shar, ya wuce 4.

Ba abinci yau.

Lahadi, 26 ga Janairu

Tara suna nan. Sun ci kaɗan. Amoniya babu, shunayya babu. Na duba su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Mace ɗaya tana maƙale da ƙayoyinta a jiki, tana rawa a wuri guda.

Laraba, 29 ga Janairu

Ga shi nan. Ɗigo uku a wutsiyar waccan macen, ɗaya a jikin wata. Irin na Oktoba sak. Na tsaya a gaban tankin ina kallo, sannan na leƙa falo na ga nawa takwas suna yawonsu ba abin da ya dame su.

Na fara ɗaga hita a hankali, digiri ɗaya kowace rabin yini, zuwa 30. Zafi yana gaggauta rayuwar halittar ta bar jikin kifi da wuri, don muddin tana cikin fata babu maganin da ke kai mata, sai ta fito ake samun ta. Na narka gishiri marar haɗi, giram 2 a kowace lita, zan zuba shi kashi uku cikin yini biyu. Gafi suna jure gishiri, ƙwayoyin soso ma wannan adadin bai dame su ba. Na haɗa famfon fawa-bank a kan na wuta, don ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Kullum zan zuƙe gindin tanki, nan ne suke sauka su hayayyafa, in mayar da ruwa mai gishiri daidai wanda na cire.

Lissafin mako huɗu ya rushe. Zai fara ne daga ranar da na ga ɗigo na ƙarshe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ɗigon ya ƙaru ranar Alhamis, ya kai kifi huɗu, jiya ya fara raguwa. Macen farko ba ta kai ba, na same ta da Asubar Juma'a a bayan soso. Saura takwas. Amoniya babu, shunayya babu, duk da gishiri da zafi.

Da safen nan mai riƙe agogo ta shigo da gudu, wai akwai idanu a ƙarƙashin soso. Na duƙa na ƙirga 'ya'ya goma sha ɗaya, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ɗaya daga matan da cikinta ta taso daga Legas. Ban shirya musu ba, kuma ba zan iya kai su ko'ina ba tunda a ruwan cuta aka haife su. Iyayen kuwa cinye su za su yi in sun samu sarari. Na huda wata robar abinci da allura mai zafi, na rataya ta a cikin tankin, na kwashe tara da cokali. Biyu sun ƙi kamuwa, kifi na ganinka mai jar koma.

Abincinsu garin abincin manya ne da na murje da yatsa, sau uku a yini, da ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai a kan tsinken sakace sau ɗaya. Gwaiduwa na ɓata ruwa, don haka gwaji ya koma safe da yamma.

Gishiri da zafi za su ci gaba har kwana goma bayan ɗigo na ƙarshe, sannan in sauke su a hankali da canjin ruwa. In komai ya tafi daidai manyan za su shiga falo cikin azumi, wajen tsakiyar Maris. Kafin nan ina buƙatar ƙaramar fanka da zan ɗora a bakin tanki, da raga marar magani a madadin murfin gilas, don zafi na tafe kuma zauren nan kwano ne babu silin. Na tambayi farashin farantin sola ƙarami da batir, an ce in dawo ranar Laraba.